Kukan Filasha a Titin Nisbet

Mijina, Ustad Zahoor, tun yana saurayi yake gyaran kyamara a Titin Nisbet nan Lahore, irin tsofaffin nan masu cin fim da batir. Shagonsa bai kai kicin ɗina girma ba, amma har daga Karachi ake aiko masa da aiki. Kyamarar da damina ta cinye wa waya, ko batir ya fashe mata a ciki, in ta shiga hannunsa sai ta farfaɗo. Ya san haka kuwa, shi ya sa ba ya tambayar kowa komai.

Da kunne yake aiki. In ya kunna filasha, wato fitilar kyamara mai walƙiya, tana tara wuta, takan yi ɗan kuka siriri kamar na sauro. Daga yadda kukan ke hawa yake gane inda cutar take.

Bara kunnen ya fara yi masa gardama, ya ɓoye. Wata rana ya kara kyamara a kunne ya ji shiru, ya ɗauka babu wuta a ciki, ya zura yatsa. Ta ja shi har ya faɗo daga kujera. Ya dawo gida da ƙuna, ya ture farantin gurasar paratha, wai zai rufe shago. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Baban Rubina, ka rufe ka zauna mini a gida kana auna gishirin miyata? Wallahi ba da ni ba."

"To kurma ne zai gyara filasha?"

"Naka kunnen ne ya gaji. Nawa fa?"

"Ke? Ke da ko kiran asuba sai an girgiza ki?"

Washegari na yafa mayafi na haye bayan babur ɗinsa. Mai shayin layin ya hango mu ya ce, "Ustad, yau da sufeto aka zo?"

A shago, fuska a murtuke, mijina ya kara mini kyamarar da ta ja shi a kunne. Na ji kukan sarai, amma ban san sunan komai ba, sai na kwaikwaya da bakina: ya hau, ya yanke, ya sake hawa. Maƙwabta suka kwashe da dariya. Shi kuwa ya kasa kunne.

Ya ce, "Yankewar nan, waya ce ta saki."

Ya sauke wutar, ya buɗe, ga ta kuwa. Ya liƙe ta da dalma, hannunsa ko rawa bai yi ba. Filasha ta haska, masu dariya suka rufe ido.

Shago na nan a buɗe, kujerata na gefen tasa. Gyaran ranar bai ba ni mamaki ba, na san hannunsa. Abin da ya cika ni da alfahari har na share hawaye da bakin mayafi shi ne da ya ɗauko kyamara ta biyu. Na yi masa kukanta, ya matso da kansa, a gaban duk 'yan layi ya ce, "Uwar Rubina, don Allah sake yi, ban ji ba."