Zumar da Kiyashi Suka Sha

Iya ta dawo gidana a Dala da zane ɗaya a jikinta da carbi a wuya, bayan ambaliyar ruwa ta ci unguwarsu ta Gwange. Samarin unguwa ne suka fito da ita a kafaɗa. Yayarta, wadda muke kira Hajja, ba ta fito ba. Ƙafafunta sun daɗe da mutuwa, kuma a ƙuryar ɗaki take kwana. Sai da ruwa ya janye aka same ta, aka yi mata sutura.

Tun daga nan Iya ta daina barci. Ba ta ƙorafi. Da asuba in na shiga gaishe ta, sai in tarar da shimfiɗa yadda na gyara ta, ita kuwa tana zaune ta jingina da bango, fuskarta na kallon ƙofa. Idanunta suka faɗa. Da na kai ta asibiti, likitar ta gwada jininta, ta sake gwadawa, sannan ta ja ni gefe.

"Jinin mamanki ya hau sosai," in ji ta. "In ba ta samu barci ba, ina jiye mata shanyewar ɓarin jiki."

Ƙwayar hawan jini Iya ta karɓa. Ta barci kuwa ta ture ta da bayan hannu, ta ce wannan ta 'yan shaye-shaye ce. Shi ya sa na koma neman na gargajiya.

Ni ce 'yar farinta. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai "ke". Ba ma doguwar hira. In tana son wani abu a wurina, ƙanena take gaya wa, ko ta faɗa tana kallon bango. In na miƙa mata abu, karɓa take ba ta ɗago kai ba. Haka aka raine mu, ban kuma taɓa ganin aibinsa ba.

Na fara da Kasuwar Kwastam. Har lokacin da alamar laka a jikin shaguna, daidai ƙirjin mutum. Wani dattijo mai sayar da sassaƙe da saiwoyi ya tare ni da fara'a.

"Wushe, wushe, sannu da zuwa, Hajiya! Barci? Zauna, kin zo gidansa." Ya zaro wata kwalba mai baƙin ruwa daga ƙarƙashin tebur. "Wannan ko ingarman doki ya kurɓa, sai an tashe shi da bulala."

"Me ke ciki, Baba?"

"Ke likita ce? Sirrin kakana ne."

"Tsohuwa zan bai wa, mai hawan jini."

"To ai tsohuwa ta fi doki sauƙin kayarwa," ya ce yana dariya.

Na shinshina, warin ya hau mini kai. Na sha jin cewa wasu na zuba zaƙami a irin waɗannan kwalabe, wasu kuma su daka ƙwayar kemis su juye. Na ajiye masa abinsa. Na yanke wa kaina ƙa'ida: abin da ban san sunansa ba, ban ga ganyensa da idona ba, ba zai shiga cikin uwata ba. Na sayi na'a-na'a busasshe, da habbatus sauda, da zuma wadda na ɗiga a ruwa na ga ta nutse ba ta watse ba.

Kowa ya zo jaje da nasa maganin yake zuwa. Ƙanwar mijina ta taso daga Wulari da wasu ƙwayoyi a kwali, ta ce na ganye ne zalla, daga Makka aka zo da su. Na kai wa likitar, ta juya kwalin, ta ce ba ta san yadda za su zauna da maganin jini ba, gara a bari. Na bari, ƙanwar mijina ta yi fushi ta daina ɗaga wayata. Maƙwabciyata, wata malamar firamare 'yar Biu da ta yi ritaya, ta kawo ciyawar shayi mai ƙamshin lemo da ta shuka a tsohon bokiti, ta ce a cocinsu ma sun sa Iya a addu'a. Malamin unguwa ya aiko da rubutu.

Kullum bayan isha'i nakan dafa ganyen, in tace, in zuba zuma, in tofa Ayatul Kursiyyu, in kai mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Allah ya yi albarka." In fita, don ba ta cin abu ina tsaye a kanta. Da safe in tarar da kofi wayam, idonta kuwa jawur. Sai in ce wannan bai karɓe ta ba, in canza. Na gwada madara mai ɗumi. Na gwada hulba. Na hana ta goro, na rage ƙarfin shayinta na safe, na turara ɗakin da kajiji. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ina ta zaɓe ina canzawa, Iya tana ta ramewa.

Wata safiya ina shara na ga layin kiyashi ya miƙe daga bakin rariya zuwa gindin dogon yaron da ke bayan tagarta. Na bi su. Ƙasar wurin ta yi danƙo, ga ɓurɓushin na'a-na'a, ga farar busasshiyar madara. Na daɗe a tsaye da tsintsiya a hannu. Ashe rubutu kaɗai take sha, shi ma don sunan Allah ba ya zubuwa a ƙasa.

Ban iya tambayarta ba. Ta ina zan fara? Malama maƙwabciyata na gaya wa. Da la'asar ta shigo ta zauna kusa da Iya a tabarma, ni kuma ina kicin ina tankaɗe.

"Mama, ashe kiyashi muke yi wa hidima? Sun yi ƙiba, ke kin zama tsinke."

Iya ta gyara zama. Da ta buɗe baki, da ƙarfi ta yi magana, ƙarfin da bai dace da wadda ke zaune a gefenta ba. Na gane da ni take.

"Akwai wani jiƙo da nake sha don ciwon gwiwa. In na sha, sai in yi barci kamar gawa. Daren da ruwa ya zo ma na sha. Sai farkawa na yi a kafaɗar yaron mutane, ruwa har wuyansa." Ta ja carbi. "Yaya ba ta da ƙafa, amma tana da murya. Ban sani ba ko ta kira ni. Shi ne ban sani ba."

"Ƙaddara ce, Mama."

"Na sani. A gaya wa mai dafa ganyen nan ta huta. Barci na zuwa, ni ce nake korarsa. In na kwanta, wa zai ji ruwa?"

Washegari bayan azahar na ɗauko tiren shinkafa na zauna a bakin ƙofarta ina tsinta. Ban dube ta ba. Na ce wa bango, "Ina nan zaune, ba inda za ni. Ko ɗigo ya sauka zan ji." Can na ji numfashinta ya canza. Ta yi barci a zaune, bakinta a buɗe, carbi ya zame daga hannunta. Ƙafata ta yi sanyi, ban motsa ba har aka kira la'asar.

Haka muka riƙa yi, ɗan barcin rana ina gadi. Kumatunta sun soma dawowa. Sai damina ta kawo kai. Ranar da hadarin farko ya haɗo, ko a zaune ta ƙi runtsawa, ta kwashe takalman yara ta ɗora a kan katanga. Duk abin da na ce wa bango, bai kai gare ta ba. Ana cikin wani ruwa da ya yi mako yana zuba, wata safiya ta faɗi a gindin randa, moɗa a hannunta.

Yanzu ɓarin damanta ba ya motsi, maganarta ba ta fita. Barci kuwa tana yi dare da rana, sai na tashe ta in ba ta kunu da cokali. Ragowar na'a-na'a da zumar suna nan a kan kanta. Malama takan ce in riƙa dafawa ina sha, wai idona ya faɗa. Nakan ce mata to. Amma Iya a ƙuryar ɗaki take kwana, kuma ko murya ba ta da ita.