Maraƙar Gwaggo a Keken Jan Kaya

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina yawon kasuwanni da yadi, ranar da saniyar Gwaggo ta haihu a ƙetaren rafi ba za ta fita raina ba.

A lokacin ina da wani ɗan keken jan kaya mai naɗewa, irin wanda matafiya ke ɗora wa akwati a filin jirgi. A gwanjo na saye shi a Sakkwato. Ƙarfe ne siriri da ƙananan tayoyi biyu da igiyar roba mai ƙugiya. Da shi nake jan dilar yadi a kasuwar Bodinga da ta Shagari, a gida kuma matata ta mayar da shi na ɗebo ruwa da kai niƙa. Maƙwabta su are shi su ja buhun albasa. Duk da haka ban tsira daga tsokana ba. Da na warware shi a bakin kasuwa sai ka ji teloli suna cewa, "Alhaji, jirgin naku ƙarhe nawa za shi tashi?" Ni da ko ƙofar filin jirgi ban taɓa takawa ba.

Wata ranar damina, bayan la'asar, na biya ƙauyenmu da ke wajen Kajiji, keken yana naɗe a bayan babur. Na tarar da gida a rikice. Gwaggo, yayar mahaifinmu, tana tsaye a ƙofa da sandarta tana ta salati. Wata mai itace ce ta kawo labari cewa saniyarta ta ware daga garke ta haihu can ƙetaren rafi, kuma abin da ta haifa ya kasa miƙewa.

Wannan saniya ita kaɗai Gwaggo ta mallaka tun rasuwar mijinta. Saniyar ta tsufa, kuma haihuwarta biyu da suka wuce duk ba su rayu ba. Ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Rafin nan yashi ne zalla in babu ruwa, amma da an yi ruwa a sama, kafin ka ankara ya cika ya tumbatsa, sai washegari a ƙetare shi. In ya raba mu da su, jaririyar da ba ta iya tsayuwa ba za ta kwana cikin ruwan sama ta kai safe ba.

Ni da yayana muka ce wa Gwaggo ta zauna ta huta da ciwon gwiwarta, aikin maza ne. Ta buɗe baki za ta yi magana, muka tayar da babur muka bar ta da hayaƙi. Har yau in na tuna wannan sai kunya ta kama ni.

Mun iske su a gindin wata sabara. Maraƙa ce, mace, ja kamar uwarta, sai rawar sanyi take. Dabararmu mai sauƙi ce: yayana ya rungume ta a bayan babur, ni in tuƙa a hankali, uwar ta biyo mu. Muka tashi. Saniya ta bi mu taku kamar ashirin, sai ta tsaya cak, ta juya da gudu ta koma gindin sabarar tana kuka tana sunsunar ƙasa. Muka koma, muka nuna mata 'yarta, muka sake tashi. Ta sake komawa. A karo na uku yayana ya saɓa maraƙar a kafaɗa ya taka da ƙafa, ni kuma na ja uwar da igiya. Ta fizge ni na faɗi warwas cikin ƙaya, ta koma inda ta fito. Iska ta fara kaɗawa, ina jin ƙamshin ruwa.

Sai ga Gwaggo ta ɓullo, tana dogara sanda tana haki. Ashe da ƙafa ta biyo mu.

"Wa yac ce muku a aza ɗiyar saniya bisa?" in ji ta. "Ita ba ta san ɗiyarta na tashi sama ba. Ƙasa tab bar ta, ƙasa za ta neme ta. In hancinta bai taɓa ta, ba ta biyo ku ko ku kwana nan."

Yayana ya ce, "To Gwaggo, jan ta za mu yi cikin ƙaya?"

Ta nuna bayan babur da sandarta. "Wancan abin naka na 'yan Makka, mi shika yi can? Kwanto shi."

Na warware keken, muka ninka buhu biyu muka shimfiɗa a jikin ƙarfen, muka kwantar da maraƙar kanta yana kallon baya, na zagaya ta da igiyar roba sako-sako. Gwaggo ta ce in sassauto da mariƙin har ya kusa gwiwata. Haka na duƙa na fara ja kamar mai neman allura. Saniya ta matso, ta sunsuna, ta lashi kan 'yarta, ta yi wani ɗan gurnani. Na yi taku biyar, ta yi biyar. Na ƙara, ta ƙara.

"Sannu-sannu, ɗan nan," in ji Gwaggo. "In tat tsaya, tsaya."

Ta kuwa tsaya ya fi sau goma. Yayyafi ya fara muna bakin rafi. Tayoyin nan 'yan mitsi-mitsi suka nutse cikin yashi, sai yayana ya kama gindin keken, ni na kama gaba, muka ɗaga shi bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba, muka ƙetare a tsugune, numfashin saniya yana dukan wuyan yayana. Ruwa ja ya riga ya fara malalowa yana lasar idon sawunmu. Muka ajiye keken a tudu, yayana ya koma da gudu ya goyo Gwaggo, tana faɗa tana cewa ya sauke ta. Baburin a ƙetare ya kwana, don ba mu yi nisa ba muka ji rurin rafin a bayanmu.

A garka, wato ƙofar gida, Gwaggo ta hura wuta, ta goge maraƙar da tsumma, ta tallafe ta har bakinta ya kama nono. Da na ji ƙarar tsotson nan, zama na yi daɓas cikin taɓo ina dariya ni kaɗai. Bayana ya yi kwana uku bai miƙe ba, amma ban taɓa jin ciwo mai daɗinsa ba. Maraƙar ta rayu, har ta haifa wa Gwaggo uku kafin Allah Ya karɓi ran tsohuwar.

Abin da na koya ranar shi ne, ƙarfi da sauri ba su isa taimako ba. In kana so wanda kake taimako ya biyo ka, sai ka sauko da abin zuwa inda idonsa ke gani, ka yi tafiya daidai ƙafarsa. Kuma tun daga ranar, in tsohuwa ta buɗe baki za ta yi magana, kashe babur nake yi.