Ranar da Gwaggo Ladidi Ta Shiga Teku

Duk wanda ya san Gwaggo Ladidi ya san ba ta gaisawa da mutum sai ta fara gaisawa da rigarsa. Kana cikin "ina kwana, Hajiya," ita yatsunta biyu suna bakin hannun rigarka suna murzawa. In ta ce "auduga," ka haye, za ta tambayi iyali. In kuwa ta ce "roba," to sai haƙuri. Ku da kuka zauna da ita a kasuwar Kwari ta Kano kun san haka, mu ma a nan Guangzhou mun sha kallo.

Ni ce Hindatu, 'yar ƙaninta. Bara da na gama sakandare ta ce da Baba ya ba ta ni in riƙa yi mata tafinta da Turanci a wajen sarin kaya. Yau kwananta tara da rasuwa. Ina zaune a masaukinmu ina jiran Alhaji Bashiru, mutumin Kumasi mai tura mana kaya ta jirgin ruwa, ya gama shirya min komawa gida. An ce in rubuto abin da za a karanta wa 'yan gida. Na zauna da niyyar kuka, wallahi dariya ke ta zuwa.

Ranar farko da ta kai ni kasuwar Baima, wani lawban, haka ake kiran mai shago a nan, ya rantse mata yadinsa auduga ce zalla. Gwaggo ba ta yi musu ba. Ta zare zare guda, ta ciro ashana daga jaka, ƙyas! A tsakiyar bene cike da tufafi! Zaren ya dunƙule yana warin leda. Mutumin ya yi tsalle da butar shayinsa zai kashe gobara, ni kuwa har na fara kalmar shahada.

Ta ce, "Faɗa masa in wannan auduga ce, ni ma 'yar China ce. Kuma ki ce ya ji tsoron Allah, da gemunsa ƙwaya uku."

Na juya na ce masa ta gode.

"Ke, 'yar boko! Maganata ta fi haka tsawo."

Amma babban abin Gwaggo shi ne sutura. Ga zafin garin nan, kamar an kifa wa mutum tukunyar ɗumame a ka, ita kuwa zane biyu, da siket a ciki, da safa, da mayafin da zai rufe mutum uku. Ta sha faɗa cewa tun da Malam, mijinta, ya rasu, ko idon sawunta ba wanda ya gani, kuma ba mai gani har a kai ta. Da ƙafafunta suka matsa mata da ciwo, Alhaji Bashiru ya kai mu wajen wani likitan gargajiya mai soka ƙananan allurai. Likita ya yi nuni ta ɗaga zane.

"Ya soka ta kan zanen mana."

Alhaji ya ce, "Hajiya, ai sai ya ga wurin."

"Allurar tasa ba ta huda atamfa? Ashe ma ba ta da kyau. Tashi mu tafi, Hindatu."

Daga nan ta ƙudurta wa ranta ruwan teku ne maganinta. Wata tsohuwa ce ta gaya mata haka a Jidda, tun zuwanta Hajji. Guangzhou kuwa kogi gare ta. Sai Gwaggo ta ce ba ta ga dalilin yin doguwar tafiya don ruwa da gishiri ba. Ta aike ni na sayo gishiri leda huɗu, ta juye a bahon wankan masauki, ta kulle ƙofa. Ina jin ta tana motsa ruwa da hannu wai igiyar ruwa take haɗawa. Ta fito tana tsaki. Ta ce, "Na Allah daban ne. Wannan miya na haɗa."

To da ma ta Hong Kong muke shigowa, sai ta ce mu je mu yi kwana uku, hutunta na farko tun da ta fara fatauci. Sharaɗinta ɗaya: za ta shiga ruwa, amma ba namijin da zai tsaya yana kallonta.

Bakin tekun farko da muka je cike yake maƙil. Muna sauka aka yi mana caa. Baƙaƙen mata biyu cikin mayafi, a kan yashi! Yara suka biyo mu, wani ya ɗaga kyamara. Gwaggo ta zare masa ido har ya sauke, ta ce mu juya. Washegari ta sa na shimfiɗa taswirar da aka ba mu, ta ce in nemo mata inda ba hoton otal, ba na shago, ba hanyar mota. Ta ɗora yatsa a kan wani lungu a bayan wani tsibiri.

"Nan. Duwatsu sun rufe shi. Ba mai wahalar da kansa ya je nan sai mai neman sutura."

Muka hau jirgin fito, muka sauka, muka kama hawan dutse, tana ɗingishi tana dafa ni, jakar samfuranta a kafaɗata don ba ta rabuwa da ita. Dab da gangara sai na ga an yi rubutu da fenti a jikin wani dutse. Na karanta. Na ja na tsaya.

"Gwaggo, mu koma."

"Me aka rubuta?"

Jama'a, ku faɗa min, da wane baki zan dubi yayar mahaifina in ce an rubuta mutanen wurin nan tsirara suke zama? Na ce ban gane Turancin ba.

"Shekara shida a sakandare! Allah ya ji ƙan kuɗin ubanki Malam Sani. Wuce mu je."

Muka zagaya dutsen. Innalillahi! Turawa sun kai goma sha, yawancinsu tsofaffi, maza da mata, kowa yadda uwarsa ta haife shi. Wani na karanta jarida. Wasu biyu suna buga ƙwallo, Allah ya raba ku da ganin wannan. Na ja mayafi na rufe fuska, na juya na manne da dutse.

Can na ji Gwaggo ta ce a hankali, "Wayyo, bayin Allah. 'Yan fashi ne suka tare su. Ko ɗan kamfai ba a bar musu ba! Miƙo jakar nan."

Ta zazzage samfura, ta ɗauko zannuwa, ta ɗaga kai sama tana kallon gajimare, ta miƙa hannu gaba tana cewa, "Ku zo ku karɓa, sadaka ce, ba na sayarwa ba ne!" Sai ga wata tsohuwar Baturiya ta taso, ba komai jikinta sai malafa da tabarau. Ta gaishe mu da ladabi. Haka na yi tafinta, goshina a jikin dutse.

"Gwaggo, ta ce ba fashi aka yi musu ba. Da gangan ne."

"Da gangan? Da hankalinsu? Tambaye ta ko tsadar kaya ce, in haɗa ta da lawban ɗina na kasuwar Shahe."

Matar ta yi dariya ta ce kayansu suna cikin jaka. Ta ce ba sa tilasta wa kowa ya tuɓe, amma wurin yana da doka: ba a ƙura wa mutum ido, ba a ɗaukar hoto. Wanda ya yi, korarsa suke.

Wannan karon na fassara duka, ban rage ko harafi ba. Gwaggo ta sa na maimaita.

"Ba a kallo? Har mazan?"

"Har su, in ji ta."

Ta saki mayafinta ya faɗo daga kafaɗa don gwaji. Ta jira. Mai jarida bai ɗago ba. 'Yan ƙwallo suna ta ƙwallonsu.

"Ikon Allah," in ji ta. "Riƙe min takalmi."

Haka Gwaggo Ladidi ta ratsa tsakiyar marasa sutura da zanenta biyu da siket, idonta a sama, tana istigfari da ƙarfi, ta shiga teku. Igiyar farko ta buge ta ta zauna daɓas, zannuwan suka kumbura suka taso kewaye da ita kamar laima. Ta ƙyalƙyale da dariya irin ta yara. Ban taɓa jin ta yi irinta ba. Ta kira ni in riƙe ta, na shiga na riƙe ta. A nan ta cire safa, ta ɗage zane zuwa gwiwa don ruwan ya ratsa. Na ga ƙafafun. Sun kumbura sun yi sulɓi, kamar za su fashe. Ta ga na gani.

"Ke ma dokar wurin ta hau kanki," in ji ta. Na kau da kai.

A jirgin dawowa tana ɗigar ruwa ta ce, "Allah ya shirye su, ya sa musu wando. Amma idonsu yana da tarbiyya." Sannan ta damƙi hannuna. "In kika faɗa wa wani a Kano ina da rai, sai na yanke miki harshe. In na mutu, ki ba da labari, kar ki rage."

Mako uku bayan nan, ta idar da la'asar a ɗakin nan, ta jingina da gado ta ce in miƙo mata ruwa. Kafin in juyo, shi ke nan. Ashe zuciya ce, ba ƙafa ba.

Matanmu ba su da yawa a garin nan. Alhaji Bashiru ya samo wata dattijuwa mutuniyar Ghana, ta ce ita za ta zuba ruwa tana faɗa min yadda ake yi, ni zan wanke, tunda ni ce jininta. Ban taɓa ganin gawa ba. Na ce ba zan iya ba, sannan na tuna in na ƙi, baƙin hannu ne zai taɓa ta. Muka lulluɓa mata zane daga wuya har ƙafa, na sa hannu ta ƙarƙashi, na ɗaga kaina sama. Har muka gama ban kalla ba, ban kuma bar kowa ya kalla ba.

Ya Allah, baiwarka Ladidi tana kwance a ƙasar da ba tata ba. Ka suturta ta yadda ta so, ka yafe mata, ka sanyaya mata makwanci. Ni kuma ka kai ni gida lafiya. Amin.