Jifa Ɗaya Tak Anka Bar Mani

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a lakkwal, wato makaranta, nan Malanville, mushenmu, malamin wasanni ke nan, ya dawo daga kudu da wani buhu: sanduna biyu, ƙwallaye masu taurin dutse, da safar hannu ta fata. Ya ce sunan wasan besbol. Mutum ɗaya na jifa, abokin hamayya na tsaye da sanda yana neman bugawa ya ruga ya taka tashoshi uku ya dawo inda ya tashi a ba shi ci ɗaya, wani kuma na tsugune bayansa yana cafewa. Wanda ya kuskure bugu sau uku ya fita. Ni anka ba tsugunno, don mushe ya ce ba ni da gudu, ba ni da saiti, amma Allah ya ba ni faɗi.

Mai jifanmu abokina ne ɗan Garou, wanda ya tashi yana korar tsuntsaye da hoge a fadamar shinkafa. In ya saki ƙwallo, tafin hannuna sai ya kwana yana zogi.

Da bazarar wannan shekara wata ƙungiya ta zo mana daga kudu, kowa da rigarsa mai lamba. Darakta ya riga ya faɗa: in baƙi sunka kunyata mu gaban mutanen gari, a ɗaure buhun, fili ya koma hannun 'yan ƙwallon ƙafa.

Zagaye bakwai za a yi, kowane zagaye sai mun fidda mutum uku nasu. Ukun fari sunka fita ba wanda ya taɓa ƙwallo da kirki. Ukun gaba ma haka. Mu kuma munka lallaɓa munka ci ɗaya. Kafin zagaye na biyar, 'yan kabu-kabu sun jera baburansu bakin fili, masu tallan ruwa sun bar kira. Ba baƙo ko ɗaya da ya taka tashar fari. Mushe ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana raɗa: "Kar wanda ya ce mishi komi. Ku bar shi da jifansa."

A zagaye na shida ƙwallo ta shigo hannuna da ja a jikinta. Na ɗaga hannu, na taka zuwa wurin abokina.

"Nuna mani hannunka."

"Koma wurinka."

"Wallahi farcen ya tsage. In mushe ya gani fidda ka za ya yi."

"To kar shi gani. Mutum huɗu sunka rage. Shafa mata ƙasa."

Na shafa mata ƙasa. Daga nan duk ƙwallon da na cafe sai na murza ta a ƙasa kafin in mayar, ina satar kallon mushe.

Zagaye na ƙarshe, biyu sunka fita. Mutum ashirin ke nan a jere. Na ƙarshen shi ne shugabansu, wani ƙato da bai yi murmushi ba tun saukarsu. Ya kuskure ta fari. Ya ƙi bin biyu da sunka kauce. Ta huɗu ya goge ta ta faɗa kan kwanon aji, anka ƙirga masa kuskure na biyu. Filin ya yi tsit, har ina jin ƙarar manyan motoci can wajen gada. Na yi wa abokina alama da yatsa: wadda ke nutsewa ƙasa. Ya share hannu a wando, ya saki.

Ƙaton ya kai sanda, ya bugi iska. Mutane sunka fasa ihu. Amma ƙwallon ta zame mani, ta daki gwiwata, ta gangara gefe. A ƙa'ida, in mai cafewa ya yar da ta ukun, mai bugu na iya rugawa tashar fari, sai an jefa wa namu da ke can kafin ya isa. Ƙaton ya yar da sanda ya zura.

"Jefa! Jefa!"

Na ɗauka. Ba nisa, ga namu ya buɗe hannu yana jira. Jifa ɗaya tak anka bar mani duk yinin nan. Na jefa. Ta bi ta saman kansa, ta tsallake shinge, ta faɗa cikin amalanken wani mai albasa. Kafin a dawo da ita ƙaton na tsaye a tasha ta biyu. Bugu ɗaya mai kyau yanzu, sun rama.

Abokina ya yafito ni. Na tafi, na shirya wa zagi. Jini na ɗiga daga yatsansa, yanzu kowa na gani.

"Dube ni," ya ce. "Jifa uku sunka rage a hannun nan, ba huɗu ba. Tahi ka tsugunna."

Na tsugunna, wani nasu ya ɗauki sanda. Ɗaya. Biyu. Ta ukun na rungume ta da hannu biyu da ƙirji, na ƙi saki har alƙalin wasa ya zo ya ce in tashi, an gama.

Filin bai koma hannun 'yan ƙwallon ƙafa ba. Sai bayan an ɗaure wa abokina hannu a likita mushe ya gaya mana cewa ko a ƙasashen da anka fi shekara ɗari ana wasan, waɗanda sunka fidda kowa da kowa ba tare da ko ɗaya ya taka tasha ba, ba su da yawa. Bai dube ni ba da yana faɗa. Farcen ya warke, amma irin wannan rana ba ta sake zo wa abokina ba. Da munka gama lakkwal ya koma gona.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, aikin wani na yini guda yana iya ratayuwa a hannunka na ƙiftawar ido, ba kuma za a tambaye ka ko ka shirya ba. Na sha neman gafararsa. Amsarsa ba ta sakewa: "Da ka cafe, ashirin da ɗaya na fidda. Kai ka ƙara mani guda." Sai ya ƙyalƙyale da dariya. Ni har yau ban iya taya shi ba.