Cokalin da ke Aljihun Iya Filasta

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe ɗakin ɗauri a asibitin ƙashi, ta jiƙa filasta a roba, ta jera yara a kan benci. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Yara na kiranta Iya Filasta, mu iyaye kuwa a bayan idonta muke ce mata Sarkin Faɗa. Kullum da ƙaramin cokali a aljihunta, ni na ɗauka na shayi ne.

An haifi 'yata da hannuwa biyu a lanƙwashe daga wuyan hannu. Shekara biyu muna jiran a miƙe mata na dama. Ranar tiyata, har an ɗora ta a gadon turawa, sai Iya ta sha gabansa. Raina ya ɓaci, na ce ta matsa don Allah. Ko kallona ba ta yi ba. Ta roƙi likitan, wanda sabon zuwa ne, ya ba ta minti ɗaya. Ta ciro cokalin, babu komai a ciki tunda an hana yarinyar abinci, ta danƙa mata, ta riƙe wuyan hannun a miƙe yadda zai koma bayan aiki.

"Kai bakinki, ƙawata."

Cokali ya tsaya nesa da baki, domin gwiwar hannun ba ta lanƙwasuwa. Iya ta saki, hannu ya koma yadda yake, cokali ya shige. Ashe da lanƙwasar da muke kuka a kanta yarinyar ke cin abinci. Nan take na zauna a ƙasa.

Likita ya ce a mayar da ita ɗaki. Wata tara Iya tana motsa mata gwiwar hannun kowace safiya, sannan aka yi aikin.

Iya, ke ce kika tsaya gaban wanda ya fi ki takarda, kika shanye hararata. Jiya kika ajiye aiki, ko taro ba a yi miki ba. Mun gode, Allah ya saka miki. Ku da kuka gaje ta, ku duba yadda yaro ke amfani da hannunsa kafin ku duba hoton ƙashinsa.

Cokalin yana gidanmu, Iya ta bar mana shi. Da safen nan 'yata ta sha shayi da shi, da hannunta, har ta ɓata mini riga.