Shekarar da na yi gona a cikin jirgi

Shekarun baya, lokacin da aka datse Kwara a Kainji, ruwa ya cinye gungunmu, tsibirin da aka haife ni. Aka kwashe mu aka kai tudu, aka ba mu gidajen siminti masu zafi kamar tanda. Mu kuwa manoman albasa ne tun kakanni. Ba sayen iri muke yi ba, namu muke da shi. Kowace shekara mahaifina yakan ware albasa mafi kyau ya sake binne ta, ta yi fure, ya karkaɗe irin a ɗan tulu.

Mahaifina ya san kogin nan fiye da yadda ya san mu. Da damina ta ɗauke, ruwa yakan ja ya bar laka, a nan yake yafa iri ya rene shi kafin dashe. Da muka koma tudu sai ya bi lissafinsa na da. Ashe tafki ba kogi ba ne. Lokacin da Kwara ke ja, lokacin ne shi yake hawa. Ruwa ya shanye renon shekarar farko. Shekara ta biyu ya matsa sama kaɗan, ruwa ya bi shi har can. Bai kai ta uku ba Allah Ya yi masa rasuwa. Ya bar ni, ɗan fari, da inna da ƙanne huɗu, da ɗan abin da ya rage a gindin tulu. Irin albasa kuma ba ya jira. In ya daɗe a ajiye mutuwa yake yi, ka yafa ka yi ta ban ruwa ba abin da zai fito.

Ana cikin haka kawuna, ƙanen inna, ya zo daga Kaduna. Lokacin kuɗin man fetur ya fara shigowa, kowa bakinsa mai, mai. Ya zo da agogo a hannu, rediyo a kafaɗa, da buhun shinkafar waje. Ya zaunar da ni gaban inna ya ce, "Ɗana, haɗa kayanka mu tahi. Na samo maka aikin masinja. Ƙasa ta yi arziki, noma ya ƙare. Abinci ma a jirgin ruwa aka kawo shi yanzu."

Na ce, "Kawu, irin baba fa?"

Ya yi dariya har da buga cinya. "Wane iri? Wanda ya kashe ubanka da baƙin ciki? Zuba ma kaji."

Wallahi da bai faɗi wannan ba, da wataƙila na bi shi, don agogon nan ya shiga raina. Amma ni tun ina ƙarami an san ni da taurin kai. Na ce masa ba inda za ni. Ya juya wajen inna ya ce ta yi mini magana. Inna ba ta kiran sunana, ko kallona ba ta cika yi ba a gaban mutane. Ta dubi ƙasa ta ce, "Wanga dai in ya kafe, ya kafe. Bar shi." Kawu ya tafi yana cewa yunwa za ta koya mini hankali.

Na yi cika baki, amma gaskiya ban san yadda zan yi ba. In na yafa a bakin ruwa, ruwa ya cinye. In na yafa a tudu, ƙasar tsandauri ce, kuma ban san inda ruwan zai tsaya ba balle in san nisan da zan riƙa ɗebowa. Ina zaune bakin tafki ina wannan tunani, idona ya faɗa kan tsohon jirgin mahaifina yana ɗaure a turke. Jiya da ruwa ya hau, ya hau da shi. Yau ma haka. Na ce to, ga gonar da ruwa ba zai cinye ba.

Na toshe ɓarakarsa da tsumma, na shimfiɗa kara a ƙasa, na zuba laka da takin shanu da na roƙo a rugar Fulani. Na juye tulun nan kaf, ban rage ko ƙwaya ba.

Kai, na sha dariya! Masunta in za su wuce sai su ɗaga filafili su ce, "Sannu da aiki, sarkin noman ruwa! Yaushe za a yi huɗa?" Wata tsohuwa ta je har gida ta yi wa inna jaje, wai a nema mini magani tun abin bai yi nisa ba. Ni kuwa kullum ina ciki tsugune, ina kwarfe ruwa da ƙoƙo, ina korar tsuntsaye. Kwana kusan goma sai ga tsiro, siri-siri kamar allura. Na yi ta murna ni kaɗai kamar wawa.

Abin da ban lissafa ba shi ne iska. Kogi ba ya tada igiya irin ta tafki. Wata rana da la'asar iska ta taso, ruwa ya riƙa dukan jirgin yana faɗawa ciki. Jirgi cike da ƙasa nauyi gare shi, ya fara nitsewa ta baya. Na faɗa ruwa har wuya, na sa kafaɗa na tallafe shi, ina ihu. Masuntan nan masu yi mini ba'a su suka zo da gudu muka ja shi gaci. Ɗayansu yana haki ya ce, "Kai dai mahaukaci ne, amma ba mu bari ka nitse." Fiye da rabin renon ya tafi. Na zauna a laka na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Abin da ya tsira na dasa shi sama da inda ruwa ya tsaya a shekarar. Fangali uku kacal. Na kafa jigo irin na mahaifina, sanda mai guga a baki da dutse a gindi, ina ɗebo ruwa safe da yamma har tafin hannuna ya fashe. Na samu kwando biyu.

Nan ne jarrabawar gaske ta zo. Albasa ta yi wuya a kasuwar Yelwa, don manoma da yawa sun watse. Wani ɗan kasuwa ya biyo ni har gida. Shinkafar kawu ta ƙare tuntuni, ƙannena sun rame, ina gani. Na kusa sallamawa. Inna ce ta fito daga ɗaki ta tsaya kan kwandunan ta ce masa, "Malam, wagga ba ta sayarwa ba ce. Uwa ce." Ta juyo, ranar ce ta fara kallona ido cikin ido, ta ce, "In ka sai da ta, mi za ka shuka baɗi? Tahi ka binne."

Na binne su duka. Shekarar nan gidan manomin albasa ko ɗaya ba a yanka a miya ba, sai lawashi in an samu. Da suka yi fure, fari fat, inna ta zo gonar da kanta, ta tsaya ta daɗe tana kallonsu. Na karkaɗe iri ya cika tulu har ya yi saura. Maƙwabta suka fara sallama da ƙoƙo a hannu, har da tsohuwar da ta ce a nema mini magani. Ban hana kowa ba, amma ita sai da na ja mata rai.

Bayan shekaru farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu, aka sallami kawu daga aiki. Ya dawo gida, na yanka masa fangali shida. Ban taɓa yi masa gori ba, ko da yake Allah Ya sani bakina ya yi ƙaiƙayi.

Ba ina cewa ni mai hangen nesa ba ne. Haushi ne ya riƙe ni, da kunyar a ce irin gidanmu a hannuna ya mutu. Abin da na koya shi ne, arzikin da ba ka san yadda ake yin sa ba, ba ka da ta cewa ranar da zai tafi. Kuma har yau in na tuna yadda aka raina mu, raina yana ɓaci.

Kwanakin baya aka tara mu manoma, wani matashi mai takardu ya yi ta yi mana bayani, wai lokaci ya yi da za mu daina dogaro da man fetur mu rungumi noma. Na bari ya gama, na ɗaga hannu na ce, "Ɗana, Allah Ya yi maka albarka. Amma wagga magana koma da ita inda anka aiko ka, su ka buƙatar ta. Mu nan ba mu taɓa sakin fartanya ba."