Kunyar Ɗan Fari Da Furar Baffa

A lokacin ni ma'aikacin gwamnati ne a Dutse, ina zaune a Yalwawa da iyalina, ina ganin ni ne wayayyen gidanmu. Ni ne ɗan fari. Mahaifinmu, da muke kira Baffa, makiyayi ne a gefen Jahun, kuma tun da na yi wayo bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa cin abinci a gabana ba. Haka muka tashi, har alfahari muke yi da hakan.

Da ciwon daji ya kama shi a maƙogwaro, aka yi makonni ana yi masa gashin daji da na'ura a asibiti. Ciwon ya lafa, sai haɗiya ta gagara. Bakinsa ya bushe ƙamas, ko yawu sai ya yi da gaske. Likita ta zaunar da ni ta ce gashin ne ya ƙage masa naman wuya. Ta ce yanayinsa na buƙatar abu mai kauri, cokali-cokali, yana zaune daram, wani na kusa yana lura da yadda yake haɗiya. Ta nuna mana motsa harshe da maƙogwaro da zai riƙa yi kullum, ta ce in abin ya ƙi, mu dawo a sa masa robar abinci ta ciki kafin ya warware. Na ce to. Wallahi a fatar baki kawai ta tsaya.

Na kawo shi gidana. Ni in zauna in ƙura wa Baffa ido yana cin abinci? Ina! Sai in ajiye kwano in ja ƙofa. Kuma da wayona na banza na sa aka riƙa tsinka masa fura kamar ruwa, wai ta fi saurin wucewa. Ina jin tarinsa daga tsakar gida, in ce ai ƙwarewa ce, za ta wuce. Da na taɓa wa ƙannensa maganar roba, suka ce ba za a huda cikin dattijo kamar saniyar da ta kumbura ba. Har daɗi na ji da suka sauke mini nauyin.

Ana nan zazzaɓi ya rufe shi. A asibiti aka ce furar nan mai ruwa huhunsa take ta gangarawa kaɗan-kaɗan. Wani likita ya tambaye ni wa ke zama da shi lokacin cin abinci. Na sunkuyar da kai. Kwana huɗu Baffa ya yi a asibitin ya cika.

Ƙannen nan nasa su ne a gaba wajen zaman makoki, suna ta cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda, ajali ba ya wuce lokacinsa, amma har yau haushin kaina nake ji, ina jin nasu ma. Don Allah, duk mai jinyar wanda aka yi wa gashi a wuya ya riƙe maganar likita, kada ya sauya masa abinci da ka, kada surutun dangi ya hana shi komawa asibiti. Kunya na da wurinta. Da na daure na zauna ko sau ɗaya, da na ga abin da ke faruwa da idona. Ban zauna ba.